Zauren malaman firamare: 'yan aji ɗaya da zafin bazara

Malamar aji 1: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Yara 68 gare ni, ajin kwano ne ba sili. Da an dawo daga tara rabinsu sun kife kai a benci, sauran kuma "Malama ruwa, Malama fitsari". Wane aiki zan ba su da zai riƙe su har a tashi?

Baba Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, juya jadawalin. Karatu da lissafi tun da sanyin safiya, bayan tara ki fitar da su gindin darbejiya. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ko babba ba ya fahimtar komai a ƙarƙashin kwano.

Malam na ƙauye: Ku sa su shuka wake. Yara suna so.

Hajiya mai aji 2: Malam, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Bara na yi wannan shukar, kuma na ji jiki. Na ce kowane yaro ya zo da gwangwanin madara, aka kawo sama da 50, na sayo wake tiya guda da kuɗina. Ban huda gindin gwangwanayen ba, kuskuren farko ke nan. Yaro kuwa in ka ce masa ya ba shuka ruwa, sai ya mai da ita rijiya. Kwana uku ajin ya ɗauki wari, rabin waken ya ruɓe. Wanda ya tsiro na jera a taga, ashe tagar ce rana take duka da yamma. Muka tashi ranar Juma'a, Litinin muka tarar sun yi yaushi sun kwanta. Guda tara suka rage, na fitar da su bayan aji inda akwai inuwa. Makarantarmu ba katanga. Awakin unguwa suka yi walima. Akwai wani ɗan mitsitsin yaro da ya sa wa nasa suna, ya yi ta kuka har uwarsa ta biyo shi washegari tana tambaya ko dukansa aka yi.
In za ki yi, 'yar'uwa: ki huda gindin da ƙusa, ki zaɓi wake mai lafiya wanda ƙwari ba su fasa ba, ki jiƙa shi ya kwana, ki shuka ranar Litinin don su ga tsiro kafin Juma'a. Kuma kar kowane yaro ya samu nasa. Layi ɗaya gwangwani ɗaya, a naɗa mai ban ruwa kullum. Ƙarshen mako ki tafi da su gida a kwali.

Malam na ƙauye: Awaki ma sun yi darasin kimiyya ke nan 😂

Hajiya mai aji 2: Ka yi dariyarka, tiyar wakena dai ba wanda ya biya ni.

Anti mai nazare: Ni gorar ruwa nake yankewa, in naɗe takarda a ciki in jiƙa, in saƙala ƙwayar tsakanin takardar da jikin gorar. Suna ganin saiwa ta fara fitowa ta yi ƙasa kafin ganye. Kullum su zana abin da suka gani.

Malamar aji 1: Wannan ya yi. Lissafi fa?

Malam na ƙauye: 'Ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino.

Maman 'yan biyu: A'a Malam, ban da 'ya'yan tsamiya ga 'yan shekara shida. An taɓa cire wa ɗana ɗaya daga hanci a asibiti. Marfin lemo ya fi, ko tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da kyauro, da shi ake gane goma da ɗaya-ɗaya.

Mushe daga Damagaram: Mu nan Nijar 'yan CI, wato aji ɗaya, allon hannu da alli suke amfani da shi, in alli ya ƙare sai rairayi, kowa ya rubuta da yatsa. Sai dai masu ajin zana a kula da wuta a wannan lokacin. Tun gobarar wata makaranta a Yamai ta Afrilun 2021 da ta ci yara kusan 20, ni ko mai tuya ba na bari ta matso kusa da aji.

Baba Hedimasta: Allah ya jiƙansu. Rubutun ƙasa kuwa da shi muka koyi ba, be, bi, bo, bu.

Anti mai nazare: Ranka ya daɗe, yanzu da sautin haruffan Turanci ake farawa. Mu Jolly Phonics muke yi.

Baba Hedimasta: Yaron da bai iya raba ɓ da b a harshen uwarsa ba? Tsarin ilimin ƙasa na 1977 cewa ya yi a fara da harshen gida. Ku ne masu cin tarar yaro don ya yi Hausa.

Anti mai nazare: Iyaye ne suke so, Baba. In yaro ya koma gida bai yi Turanci ba, zango mai zuwa an canza masa makaranta.

Maman 'yan biyu: Kun fara ko. Ni dai a sa randa a bakin aji, kuma duk yaron da aka ga zazzaɓi ya rufe shi da ciwon kai, wuya ya ƙage, a kai shi asibiti nan take. Lokacin sanƙarau da ƙyanda ne.

Malam na ƙauye: Tatsuniya fa? Da ka ce "ga ta nan ga ta nanku" mai barci ma yana tashi. Ni sai in tsaya daidai inda Gizo ya shiga uku, in ce sai gobe.

Sabon malami: Salam. Don Allah akwai wanda ya ga alat ɗin albashi?

Hajiya mai aji 2: Shiru kake ji.

Mushe daga Damagaram: Hajiya, awakin nan, an gano mai su?

Hajiya mai aji 2: Na mai unguwa ne.