Me ya haɗa sojan sama da jiragen fasinja a filin jirgin Kano?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Masana, ina neman ƙarin haske kan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Me ya sa soja da farar hula suke zaune a fili ɗaya, har da titin sauka biyu? Kuma ina jiragen Turai da dattawa ke cewa nan suke ya da zango a da?

Malam Na-Kurna:
Wa alaikumus salam. Ai soja ne ma suka fara zuwa. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, wadda ake ɗauka a matsayin saukar jirgi ta farko a Najeriya. Jigilar fasinja da wasiƙu kuwa sai 1936, da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartoum zuwa Kano.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya girmar da wurin. Daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Ghana ta yau, a harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Alƙahira. Dole kowane zango ya samu mai, makanikai da titi mai ƙwari. Da aka gama yaƙi, kamfanoni suka gaji wannan shiri. Jirgin farfela na lokacin ba ya iya yanko Sahara daga Turai ya zarce kudancin Afirka bai sha mai ba, ga Kano a bakin hanya, shi ya sa kamfanonin jiragen Turai irin su BOAC na Ingila da Sabena na Beljiyam da KLM na Holan suka riƙa sauka. Da jirage masu dogon zango suka fito, buƙatar tsayawar ta kau, kasuwancin masana'antun Kano ma ya ja baya. KLM da ta fara zuwa a 1947 ita ta fi daɗewa, ta daina a 2012.

Injiniya Bompai:
Malam ya kawo tarihi, bari in taɓa batun titunan. Babban shi ne 06/24, tsawonsa mita 3,300 da ɗoriya, shi jiragen fasinja da na alhazai suke hawa. Ƙaramin 05/23 bai kai mita 2,500 ba, ya fi yi wa sansanin soja da ke kudancin filin aiki. Lambobin alƙibla ce: 06 na nufin digiri 60, wato arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, don jirgi ya fi son tashi yana fuskantar iska.

Wannan bambancin tsawo ba ƙaramin abu ba ne a Kano. Filin yana sama da teku da kusan mita 475, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗagawa da wuri, sai jirgi ya ci titi mai yawa kafin ya bar ƙasa. Maganinsa lissafi ne tun kafin a kunna inji: a duba zafin rana, nauyin kaya, mai da fasinja, tsawon titi, in bai yi daidai ba a rage nauyi ko a jira yamma. Ranar 4 ga Mayu 2002 ana gyaran babban titi, jirgin fasinja na kamfanin EAS ya tashi ta ƙaramin da tsakar rana, ya zarce ƙarshen kwalta, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da ke damuna har yau shi ne yadda gidaje suka matse filin ta kowace kusurwa.

Hajiya Ta-Gwale:
Amin, Injiniya. A ƙara da hazo, wanda shi ke tsayar da jirage daga Disamba zuwa Fabrairu. In ƙura ta yi kauri matuƙi ba ya hango titi, sai ya dogara da na'urar ILS mai saita masa hanya da gangara, ita ma tana da iyakar nisan gani da aka yarda a sauka da shi. In an gaza wannan, hasumiyar kula da tashi da saukar jirage ta sanar da shi, ya karkata Abuja ko ya koma. Hukumar NiMet ke auna yanayin, hukumar NAMA ke kula da na'urorin da zirga-zirga, hukumar FAAN ke riƙe da filin.

Ɓangaren soja kuma, Ɗan Fagge, lokacin yaƙin basasa a 1967 nan Kano aka sauke jiragen yaƙi na MiG daga Tarayyar Sobiyet aka harhaɗa su. Yanzu makarantar koyon tuƙin jirgi ta 403 ta sojan sama ce a wurin, ƙananan jiragen L-39 da kake ji suna shawagi a kan Kurna da Fagge na ɗalibanta ne. Hasumiya ɗaya ke ba su izini da jiragen fasinja, kowa ya jira layinsa.