Me yasa sola ke rage kawo wuta lokacin hazo?

Mai Shagon Caji: Salam yan uwa, tunda hunturu ya shigo fanel ɗina baya cika batir kamar da, alhali kullum ina goge ƙurar da safe kuma rana na fitowa, sai dai tayi ja-ja haka. Ko fanel ɗin ne ya fara mutuwa?

Ɗan Sola: Ba mutuwa yayi ba malam. Hasken rana kala-kala ne a haɗe, ƙurar dake sama tafi watsar da shuɗin, jan kuma ya fi ratsowa, shi yasa kake ganinta ja. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne da hasken gwaji mai suna AM1.5, wat 1000 a kowace murabba'in mita, a zafin digiri 25, to ina zaka samu wannan cikin hazo?

Hajiya Lantarki: Hakane, amma fanel na silikon, wato sinadarin da ake yin yawancin fanel da shi, yana cin jan haske sosai har wanda ido baya gani, kusan nanomita 1100 a ma'aunin tsawon zangon haske, dan haka canjin kalar ba shine babbar asarar ba, yawan hasken ne ya ragu gaba ɗaya. Ni watan Afrilu ma yafi bani haushi, ga rana tsaka amma fanel yayi zafi wuta ta sauka.

Mai Shagon Caji: Allah ya saka, har na fara tambayar kuɗin sabo wallahi.