Neman shawara: bishiyar bonsai ta fara zubar da ganye a falona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Yelwa, cikin garin Bauchi. Ƙanena ya kawo mini tsarabar 'yar bishiyar bonsai daga Jos, wato bishiyar da ake raino a ƙaramar tukunya ana hana ta girma, kuma mai sayarwar ya shaida masa cewa dangin cediya ce. Na ajiye ta a kan tebur a tsakiyar falo, ina ba ta ruwa kowace safiya, amma tun da hunturu ya kama ganyenta ke yin rawaya yana zuba. Ina kuma son in lanƙwasa rassanta su yi siffa. Don Allah ta ina zan fara?

Amsar wani mai rainon shuke-shuke:
Wa alaikumus salam Hajiya. A ganina ki jingine maganar lanƙwasa tukuna, domin bishiyar da ba ta da ƙoshin lafiya ba a ɗaura mata wayar ƙarfen da ake lanƙwasa rassa da ita. Dangin cediya da durumi suna cikin bishiyoyin da suka fi jure zaman ɗaki, amma sukan zubar da ganye idan aka sauya musu wuri, kuma tsakiyar falo ya yi mata duhu ƙwarai. Ki mayar da ita bakin tagar da ke fuskantar gabas, inda za ta sha hantsi, nesa da iskar fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Batun ruwa kuwa, ki riƙa tsoma yatsa cikin ƙasar. Idan saman ya bushe ki zuba sosai har ya fito ta hujin ƙasan tukunyar, idan da sauran danshi ki ƙyale ta. Ruwan da ya kwanta shi ke ruɓar da saiwa.

Wata 'yar uwa daga Gombe:
Ina goyon bayan Malam. Abin da zan ƙara shi ne ƙurar hunturu tana lulluɓe ganye, don haka ki riƙa share shi da tsumma mai laima, kina duba bayansa saboda ƙananan ƙwari masu son busasshiyar iska.

Wani dattijo a zauren:
'Yata, wannan fasaha ta bonsai daga Sin ta shiga Japan, kuma bishiyar ba wani iri ne na daban ba. Aski da ƙuntataccen mazubi ne ke hana ta girma. Ki jira farkon damina, wajen watan Yuni, lokacin da take sabon toho. Idan reshe ya fitar da ganye 6 zuwa 8, sai ki datse shi ki bar 2. Wayar alminiyam ta fi sauƙin sarrafawa ga sabon hannu, kaurinta ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, a naɗa ta a karkace ba tare da matsewa ba. Ki sa ido sosai, domin cediya tana saurin kauri, wayar kan nutse cikin ɓawo ta bar tabo. Farin ƙaron da zai fito wurin yanka kada ya tsorata ki, amma ki wanke hannu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, ƙasar fa, in sauya ta yanzu?

Dattijon:
A'a, ita ma sai damina. Ki haɗa yashi mai tsakuwa da dakakken jan bulo da ɗan ruɓaɓɓen taki, kuma kada ki yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na saiwar.