Ajiyar masara har ta yi tsada: kasuwanci ne ko zunubi?

Mai Awo:

Salama gare ku 'yan'uwa. Abin nan ya daɗe yana cina, kuma har yanzu na kasa tunkarar Fastonmu da shi.

Shekarata 9 ina sana'ar hatsi. Da kaka nakan shiga Saminaka da ƙauyukan kusa in sayi masara, in sa mata magani, in kulle shago sai Yuli ko Agusta, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa. Da wannan nake biyan kuɗin makarantar yara huɗu. Zakkata ba ta taɓa makara ba, ranar godiyar kaka kuma buhu biyu nake kaiwa majami'a.

Bara cikin Agusta wata gwauruwa da muke sujada tare, benci biyu ne tsakaninmu, ta zo da yamma ana yayyafi, ta ce in ba ta rabin buhu sai ta girbe. Na ce kaya sun ƙare. Alhali buhu 26 ne a bayan ƙofar da na jingina, ina jiran kasuwa ta ƙara hawa. Ta ce, "Ba komai Baban yara, Allah ya kawo kasuwa," ta gyara kallabinta ta tafi. Waɗanda na ba kuwa, sharaɗin shi ne wanda kowa ke yi a wajenmu: buhu ɗaya da damina, a maido biyu da kaka.

Lahadin da ya wuce aka karanta Amos sura 8, inda 'yan kasuwa ke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su sayar har da sharar alkama. Ni ban taɓa rage mudu ba, amma na kasa ɗaga kai. Ku gaya mini gaskiya: ajiyar ce laifi, ko ina neman ɗora wa kaina abin da Allah bai ɗora mini ba?

Ɗan Zonkwa:

Ɗan'uwa, kada ka kashe kanka. Yusufu ma ajiya ya yi, shekara bakwai yana tara hatsi a Masar, da ita aka tsira. In babu irinku, da kaka masara ba ta da mai saye, da damina kuma babu ita a kasuwa sam. Kai ka ɗauki hasarar ƙwari, ka biya haya da mota, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Shekarar da farashi ya faɗi wa ya taya ka kuka? Ceto ta wurin alheri ne, ba ta wurin farashin buhu ba.

Tsohon Malami:

Ɗan Zonkwa, ka karanta Farawa 41 ka tsaya. Ƙarasa zuwa sura 47. Da yunwa ta tsananta, mutanen Masar sun ba da kuɗinsu, suka ba da dabbobinsu, daga baya suka ba da gonakinsu da kansu ga Fir'auna saboda abinci. Labarin ya fi yadda muke koya wa yara a makarantar Lahadi nauyi.

Mai Awo, ɗana, abu uku ka haɗa a buhu ɗaya, bari in zazzage maka.

Ajiyar kanta ba ta dame ni ba. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma a Luka 3, bai ce su bar aikin ba, cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Ka sayi kaya, ka tsare su wata takwas, riba halal ce. Sai dai Karin Magana 11:26 ta ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Akwai ranar da ajiya ke zama ɓoyo, kuma ina ganin ka san ranar, tunda har ka tuna ana yayyafi.

Buhu ɗaya a maido biyu kuwa, nan ba ni da sassauci. Littafin Firistoci 25:35-37 ya ambaci abinci da sunansa: in ɗan'uwanka ya talauce, kada ka ba shi kuɗi da ruwa, kada ka ba shi abincinka don riba. Manomin da ya ci buhu a Agusta ya biya biyu a Disamba, baɗi tun Yuni rumbunsa zai ƙare, ya dawo wurinka. Haka gona ke fita daga hannun mutum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. A Nehemiya 5 abin da ya faru ke nan, mutane suka jinginar da gonaki don hatsi, Nehemiya ya tara manya ya sa suka maido. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su yarda da wannan ba, mu da su duk mun sani, duk kuma akwai masu yi.

Wannan gardama tsohuwa ce a ikilisiya. A yunwar da aka yi a Kaisariya ta ƙasar Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 368, Basil, ɗaya daga cikin shugabannin ikilisiyar garin, ya yi wa'azi kan mai arzikin Luka 12 da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. Basil ya gaya wa attajirai cewa abincin da suka kulle na mayunwaci ne, ya sayar da dukiyar da ya gada ya ciyar da mutane. Bai raba tauhidi da rumbu ba. Gaskiya ne alheri ke ceto, Afisawa 2:8 ta faɗa, amma aya ta 10 tana nan kusa da ita, ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka.

Na uku, ƙaryar da ka yi wa matar nan, ba ka bukatar wani ya buɗe maka aya.

Maman Zumunta:

Ku maza kuna ta jawo ayoyi. Ni dai tambayata, Baba Mai Awo, me matar ta ba 'ya'yanta a daren nan? Ka taɓa tambaya? Mu a Zumuntar Mata mun san gidajen da tukunya ba ta hawa wuta sau biyu a Agusta. Buhu biyun da kake kaiwa gaban bagade da kaka ana tafi, lokacin kowa na da abinci. Ka riƙe su sai damina mana. Kuma in za ka je wurinta, kada ka tura yaro da buhu. Ka je da ƙafarka, ka faɗa mata kayan ba su ƙare ba a ranar.

Mai Awo:

Mama, maganarki ta fi zafi. Ban tambaya ba.

Baba Malami, na duba littafina jiya da dare, mutum bakwai ne nake bi biyu-biyu. Uku sun riga sun biya, kuma na sayar da masarar. Huɗun da suka rage zan ce su kawo ɗaya-ɗaya. Na ukun nan ne ban san yadda zan yi ba: masara zan maida musu ko kuɗi, kuma a farashin yaushe? Gidan matar kuwa matata ta ce za ta raka ni ranar Asabar.