Neman shawara: wace kwaleji ta dace da mai komawa karatun hidimar al'umma da girma?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Shekarata 39, ina zaune a Amurka, kuma rabona da aji ya kai shekara goma sha bakwai. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi daga safe zuwa la'asar, ga yara uku. Ina so in karanci hidimar al'umma, amma na rasa wadda zan ɗauka tsakanin kwalejin shekara biyu da ke kusa da ni da wata jami'a mai koyarwa ta intanet, wadda kullum take kira na a waya. Wanda ya san kan abin ya taimaka mini.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin ki dubi kowace makaranta, ki fara yanke shawarar aikin da kike so ki yi bayan kin gama, domin a nan mutane da yawa suke yin kitso da ƙwarƙwata. Digirin hidimar al'umma daban ne da na aikin walwalar jama'a, ko da yake darussansu suna kama da juna. Na farkon zai buɗe miki ƙofar bin lamuran mabuƙata a ƙungiyoyin agaji da gidajen marasa matsuguni. Amma idan burinki lasisin ma'aikaciyar walwalar jama'a ne, yawancin jihohi suna neman digirin da CSWE, hukumar da ke tantance karatun aikin walwalar jama'a, ta amince da shi, sannan ki ci jarrabawar lasisi ta ASWB, ƙungiyar hukumomin ba da lasisin wannan aiki. Wanda ya yi digirin farko a irin wannan shiri yakan iya kammala na biyu cikin kusan shekara ɗaya maimakon biyu, kuma mai digirin hidimar al'umma ba ya samun wannan rangwame.

Hajiya Ladi:
Maganar Malam Habu gaskiya ce, sai dai ni abin da ya fi ba ni wahala shi ne aikin sanin makamar aiki. Na shiga wata makaranta ta intanet ina da shekara 44 saboda an ce mini zan yi karatuna da dare, kuma haka na yi, bayan yara sun kwanta, kwamfuta a kan teburin cin abinci. Da na kai shekarar ƙarshe sai aka miƙo mini takarda cewa ni zan nemo wa kaina hukumar da za ta ɗauke ni, kuma duk inda na buga waya aikinsu na rana ne. Zango guda ya wuce ni a haka. CSWE tana buƙatar aƙalla awa 400 na sanin makamar aiki a digirin farko da awa 900 a na biyu, ba ta kuma yarda a musanya su da shekarun da mutum ya yi yana aiki. Saboda haka ki tambaye su tun yanzu wa ke nemo wurin, ko akwai na yamma da ƙarshen mako, da kuma ko za a amince ki yi a inda kike aiki. Ki nemi amsar a rubuce. Mai kiran ki a waya ɗaukar ɗalibai ne aikinsa.

Ɗan'uwa Sani:
Ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ko da kina ganin ba za ki samu komai ba. Tallafin Pell, wanda ake nema ta wannan fom, ba bashi ba ne, amma iyakarsa kimanin zango 12 na cikakken karatu, don haka kada ki ƙarar da shi a darussan da wata jami'a za ta ƙi karɓa. Idan kwalejin shekara biyun tana da yarjejeniyar canja sheƙa da jami'ar jiha, wato jami'ar ta karɓi darussan da kika yi a kwalejin, ni da ita zan fara.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lasisin nake so, ban kuma san akwai wannan bambanci ba. Ranar Litinin zan je kwalejin in nemi takardar yarjejeniyar.