Yaya ake tabbatar da cewa lamba mai gurbi miliyan 41 firam ce?

Sani_K: Assalamu alaikum malamai. An ce 2^136,279,841 − 1 firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Gurbinta ya haura miliyan 41. Yaya aka tabbatar? Ai gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya ba zai ƙare ba har abada.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ba a bin hanyar rabawa sam. Lambobi masu siffar 2^p − 1 (2 a ninka da kanta sau p, a debe 1), waɗanda ake kira lambobin Mersenne, suna da gwajinsu na kansu, na Lucas da Lehmer. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka debe 2, ka raba da lambar da ake gwadawa, ka riƙe saura kawai. Ka maimaita haka sau p − 2. In ka ƙare da sifili, firam ce.

Gwada da p = 7, wato 127: 4, 14, 67, 42, 111, 0. Zagaye biyar, ga sifili. Abin da ke sauƙaƙa wa kwamfuta shi ne, a tsarin 0 da 1 ba sai an yi rabawa ba: a yanke gurabun da suka wuce p, a tara su da na ƙasa, saura ya fito.

Sai dai a kula, dole p ta zama firam, amma hakan bai wadatar ba. 11 firam ce, amma 2^11 − 1 = 2047 = 23 × 89.

Hajiya Binta: Ƙari kan bayanin Malam. Duk lambar da za ta raba 2^p − 1 dole ta kasance 2kp + 1, inda k cikakkiyar lamba ce. Duba 23 da 89: 2×11+1 da 8×11+1. Da wannan ne GIMPS, ƙungiyar masu sa kai da ke neman firam na Mersenne da kwamfutocinsu, ke tace da yawa kafin a shiga babban gwaji. Matsalar babban gwajin kuwa, zagaye sama da miliyan 136 ne, kuma kuskure guda a ƙwaƙwalwar na'ura, saboda zafi ko kuskuren kusantarwa wajen ninkawa, yana lalata sakamakon gaba ɗaya ba tare da wata alama ba. Shi ya sa yanzu ake fara yin gwajin Fermat, wanda ke nuna ko lambar tana iya zama firam, tare da hanyar gano kuskure ta Gerbicz, sannan a tabbatar da Lucas da Lehmer a wasu na'urori daban. Haka aka yi da wannan da Luke Durant, ɗaya daga cikin masu sa kai na GIMPS, ya gano a Oktoban 2024, ta 52 a cikin na Mersenne da aka sani.

Sani_K: Na gode Hajiya. To adadin gurbin fa, ƙirga shi aka yi?

Malam Habu: A'a. Ka ninka p da logarizim na 2 (log 2 a kalkuleta), ka zubar da ɓurɓushi, ka ƙara 1. Amma kar ka yi amfani da 0.30103, zai ba ka ƙarin gurbi ɗaya. Yi da 0.30102999566, za ka samu 41,024,319.9, amsa 41,024,320.