A taimaka don Allah: sunaye sun fito, kuɗi sun zama shirme

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da kawuna ya sama mini aiki a wani kamfani nan Maradi, bayan na shekara biyu a shagon wana ina tura wa mutane waƙoƙi a waya, dangi na ta cewa karatun da na yi a Yamai asara ne. Yanzu maigida ya ce in kwashe bayanan masu bashi daga tsohuwar babbar na'urar IBM zuwa sabon tsari. An turo mini fayil, na juya shi daga EBCDIC, tsarin haruffan manyan na'urorin IBM, zuwa UTF-8, wanda na'urorin yanzu ke karantawa. Sunaye sun fito sarai, wurin kuɗi kuwa kamar rubutun aljanu. Litinin ake so. Ko barci ba na yi.

Injiniya: Ƙanena, kai ka ɓata shi da hannunka. Manhajojin da aka rubuta da COBOL, tsohon harshen da ake amfani da shi a irin wannan na'ura, suna ajiye kuɗi a tsarin COMP-3: lamba biyu a cikin bayit guda, wato gurbin harafi ɗaya, rabin bayit na ƙarshe kuma shi ke nuna ƙari ne ko ragi. Wannan ba haruffa ba ne. Da ka juya fayil ɗin gaba ɗaya, ka niƙa tsakuwa tare da gero. A sake turo shi ɗanye, yadda yake, kada FTP, wato tsarin tura fayil, ya taɓa shi a matsayin rubutu. Sannan ka nemi copybook, takardar da ke faɗin inda kowane gurbi ya fara da inda ya ƙare.

Ɗan Bagalam: Yaya, ai ban ɓata komai ba, yadda aka koya mana na yi. Kuma sunayen sun fito.

Maman Hafsat: Kai dai ka gode Allah an ba ka fayil. Mu a buronmu tsohon da ya san na'urar ya yi ritaya da komai a kansa, yau shekara huɗu muna kiransa, sai ya ga dama ya ɗauka.

Na Tibiri: Layi nawa ne? In ba yawa, a buga a takarda, ka samu yara biyu su sake shigarwa a Excel.

Injiniya: A'a! Yaro ya tsallake sifili ɗaya, bashin jikka ɗari ya koma jikka goma, wa za a kama? Kuma ka duba sunaye masu é da ç. In da tsarin haruffan Faransa aka rubuta, wato 297, kai kuma ka juya da na Amurka, wato 037, su ma ba su tsira ba. Shekarun da ke wurin kwanan wata fa, da lamba biyu aka rubuta su ko huɗu?

Ɗan Bagalam: Ban duba ba. Ni dai ba zan koma in ce a sake turowa ba, kawu zai ji kunya. Babu wata manhaja da za ta gyara wanda ke hannuna?

Na Tibiri: Kuran ya ɗauke a nan, sai an jima.